Yadda Ake Ɗaukar Fim na Gaskiya a Kan Ɗan Gudun Hijira: Darasi daga Somaliyawa ga Masu Kyamara na Kaduna

Duk wanda yake zaune a Kaduna ya san cewa a 'yan shekarun nan unguwannin gefen gari sun cika da baƙin da ba fatauci ne ya kawo su ba. A Rigasa da Mando da Maraban Rido akwai iyalan da suka baro ƙauyukansu na yankunan Birnin Gwari da Giwa da Chikun saboda harin 'yan bindiga, wasu suna ɗakin haya, wasu suna kangon da mai shi bai gama ginawa ba, wasu kuma sun raɓe a gidan dangi. Matasa masu sha'awar harkar fim sukan tambaye ni yadda za su ɗauki labarin irin waɗannan mutane a matsayin dokumentari, wato fim ɗin da babu ɗan wasa a cikinsa, sai mutum da bakinsa da abin da ya same shi. Amsar da nakan ba su takan faro ne daga Somaliya, domin Somaliyawa sun riga mu shiga wannan hali da shekaru masu yawa, kuma a cikin waɗanda yaƙi ya kora an sami waɗanda suka gaji da zama a gaban kyamarar baƙi, suka zagaya bayanta suka riƙe ta da kansu.

Hanyar da Somaliyawa suka bi

A watan Janairun 1991 gwamnatin Siad Barre ta faɗi, birnin Mogadishu ya rikice da yaƙin basasa, dubban ɗaruruwan mutane suka tsallaka zuwa Kenya da Habasha da Yemen da Jibuti. A arewa maso gabashin Kenya aka kafa sansanonin Dadaab, wato Ifo da Dagahaley da Hagadera, tsakanin 1991 da 1992, da nufin su ɗauki mutum 90,000. Da fari da yunwar 2011 suka auka wa kudancin Somaliya, yawan mutanen wurin ya kai kusan rabin miliyan. An haifi yara a Dadaab, sun girma, sun yi aure, sun haifi nasu 'ya'yan a cikin sansanin, alhali ba su da ikon fita yawo cikin Kenya sai da takardar izini. A tsawon waɗannan shekaru 'yan jaridar duniya sun yi ta zuwa, amma hoton da suke komawa da shi kusan iri ɗaya ne: layin karɓar abinci, yaro mai ramammen jiki, uwa tana korar ƙuda. Wanda ya tashi a wurin ya san cewa akwai kasuwa da gasar ƙwallon ƙafa da makarantar allo da shagon gyaran waya da gardamar siyasa a wurin mai shayi, sai dai ba a cika nuna su ba.

Ƙungiyar FilmAid, wadda aka kafa a 1999, ta riƙa koya wa matasan Dadaab da na sansanin Kakuma, shi ma a Kenya, riƙon kyamara da ɗaukar sauti da haɗa hoto, kuma ana haska abin da suka ɗauka a fili cikin sansanin, kamar yadda ake yi da majigi a garuruwanmu a zamanin da. Waɗanda aka kai Amurka su ma ba su zauna ba. A birnin Kolombus na jihar Ohayo, Abdisalam Aato da abokan aikinsa sun fara shirya fina-finai da harshen Somaliyanci da ƙananan kayan aiki, har aka riƙa kiran harkar Somaliwood, kamar yadda muke cewa Kannywood. A Minesota, Fathia Absie, wadda ta yi aiki da Muryar Amurka, ta fitar da dokumentari a 2011 a kan samarin Somaliyawa da suka ɓace daga gaban iyayensu suka koma fagen yaƙi a Somaliya, batun da ba kowane baƙo iyayen za su buɗe wa baki a kansa ba. A ɓangaren fim na ƙirƙira kuwa, Khadar Ayderus Ahmed, haifaffen Mogadishu da ya koma Finlan, shi ya ci babbar kyautar bikin fina-finan Afirka na FESPACO da ake yi a Wagadugu a 2021, sannan a 2024 aka zaɓi fim ɗin Mo Harawe, wanda ya koma Ostiriya, a bikin Kan na Faransa.

Abin da ya bambanta aikin waɗannan mutane da na ɗan jarida mai kwana uku shi ne sun san harshe, sun san dangi, sun san abin da ake jin kunyar faɗi, kuma sun san cewa bayan fim ya fita za su ci gaba da haɗuwa da mutanen da suka ɗauka a masallaci da wurin biki. Mai kyamara na Kaduna yana da wannan dama a kan mutanen Birnin Gwari, yana kuma ɗauke da wannan nauyi. A kan haka aka gina duk matakan da za su biyo.

Zaɓen mutum guda

Kuskuren farko da sabon shiga yake yi shi ne ya ce zai yi fim a kan "matsalar 'yan gudun hijira". Matsala ba ta da fuska kuma ba ta magana. Nemi mutum guda, ko gida guda, wanda yake da wani abu da yake nema a halin yanzu: manomin da yake neman aron gona a bayan Rigachikun kafin damina ta faɗi, ko matar da take ƙoƙarin mayar da 'yarta makaranta ba tare da takardar shaidar tsohuwar makarantarta ba, ko malamin da ya taso da almajiransa yana neman inda zai kafa tsangaya. Abin da ya faru a daren da aka tashe su ya riga ya wuce, kyamara ba za ta same shi ba. Abin da mutum yake fafutuka a kansa yau shi ne za ka iya bi mako bayan mako, kuma ta cikinsa labarin baya zai riƙa fitowa da kansa.

Ya kamata kuma ka san bambancin da Hausa ba ta yi ba amma doka ta yi. Mu duk "ɗan gudun hijira" muke cewa, amma a yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951 da ta Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969, wannan suna na wanda ya ƙetare iyakar ƙasarsa ne, kamar Basomale a Dadaab, ko 'yan Borno da ke sansanin Minawao a Kamaru, ko mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina da suka shiga jihar Maraɗi ta Nijar. Wanda ya gudu daga ƙauyensa ya tsaya a cikin ƙasarsa yana ƙarƙashin wata yarjejeniya dabam, wadda aka ƙulla a Kampala a 2009. Wannan bambanci zai yi maka amfani ranar da za ka rubuta takardar neman tallafi ko ta neman izini, domin masu karanta irin waɗannan takardu suna lura da shi.

Izini, wanda ba a neman sa sau ɗaya

Nan ne ya kamata a daɗe, domin nan ne aikin yake gyaruwa ko ya lalace. Ziyararka ta farko da ta biyu, wataƙila har ta biyar, ka bar kyamara a gida. Fara da gaida mai unguwa ka gaya masa ko kai wane ne da abin da ya kawo ka, sannan ka nemi wanda mutanen suka ɗauka a matsayin babba a tsakaninsu, domin sau da yawa sukan taso da limaminsu ko wani dattijon ƙauyensu. Idan wurin sansani ne da hukuma ke kula da shi, sai ka rubuta wa hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha tun da wuri, ka riƙe kwafin takardar a aljihu. Amma ka sani cewa izinin mai unguwa izinin shiga unguwa ne kawai. Izinin ɗaukar fuskar mutum da muryarsa yana hannun mai fuskar.

Da zarar mutanen da ke cikin ƙunci suka ga baƙo da littafi da biro, abin da zai fara zo musu shi ne an zo rubuta sunayen masu karɓar tallafi. Idan ba ka kawar da wannan zato ba, duk wanda ya amince maka ya amince ne bisa ruɗu. Faɗa masa ƙarara: "Baba, ni ba daga gwamnati nake ba, ba kuma daga ƙungiyar agaji ba. Ba abinci nake rabawa ba. Fim nake so in yi, kuma idan ya fita za a iya ganin sa a waya ko'ina, har a ƙauyenku, har waɗanda suka tashe ku za su iya gani." Jimlar ƙarshen nan tana da nauyin faɗi, kuma wasu za su janye saboda ita, amma gara su janye yanzu. Ka ciro wayarka ka nuna masa yadda bidiyo yake yawo a WhatsApp da Facebook da YouTube, domin dattijon da tunaninsa yake kan rediyo zai ɗauka magana ce da za a ji sau ɗaya ta wuce.

Takardar amincewa da aka rubuta da Turanci aka dangwala mata yatsa ba ta da wata daraja a wurina, ko da lauya ya ce ta isa. Rubuta ta da Hausa, ka karanta masa a gaban wani nasa wanda ya iya karatu, ko boko ko ajami, sannan ka ɗauki amincewarsa a kyamara da bakinsa: sunansa, abin da ya fahimta za a yi da hoton, da abin da bai yarda a nuna ba. Ka gaya masa yana da ikon cewa a tsaya a kowane lokaci, yana kuma da ikon janyewa kafin fim ya fita. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ma ta ɗora muhimmanci a kan amincewar mai bayani, amma tun kafin doka, amana ce.

Game da mata, namiji ba zai kutsa cikin gidan aure da kyamara ba, kuma ko maigida ya ce ya shiga, abin da matar za ta faɗa a gaban baƙon namiji da mijinta rabin magana ne. Mafita ita ce a sami mace a cikin ma'aikata wadda ta iya riƙe kyamara da makirufo ita kaɗai, ba wadda za ta yi rakiya kawai ba. Izinin maigida yana buɗe ƙofa, amma sai an tambayi matar ita ma a keɓe, "Inna, kin yarda da kanki?", domin tana iya yin shiru a gabansa alhali ranta bai so ba. Yara kuma sai da yardar iyaye ko mai riƙonsu, kuma ban ga dalilin da zai sa a zaunar da yaro a sa shi ya ba da labarin yadda aka kashe mahaifinsa ba. Wadda aka yi wa fyaɗe, da wanda aka sako bayan biyan kuɗin fansa yana da sauran 'yan'uwa a hannun ɓarayin daji, ba a nuna fuskarsu, ba a faɗin sunan ƙauyensu, kuma a tuna cewa a ƙauye ana gane mutum da muryarsa da zanen da ya ɗaura da tsagar fuskarsa, saboda haka dusashe fuska kaɗai bai wadatar ba.

Batun kuɗi kuma a warware shi tun farko. Idan ka saya, za a sayar maka da abin da aka ga kana so, labari ya riƙa ƙara tsanani gwargwadon abin da kake bayarwa. Amma wanda ya bar dako ko ga-ruwa ya zauna da kai yini guda ya yi asarar abincin gidansa na ranar, kuma rashin kunya ne ka tafi ka bar shi haka. Abin da nake yi shi ne in biya ladan yinin da aka rasa, adadi guda ga kowa, a faɗe shi a fili kafin a fara, ba tare da an danganta shi da abin da mutum zai ce ba.

Kayan aiki

Wayar da ke ɗaukar hoto mai ƙarfin 1080, wato hoto tangaran da ake kira HD, ta isa fim na farko. Sa ta a kwance, ka kafa ta a kan ƙafa mai uku, ka saita ta a kan hoto 25 a daƙiƙa, domin wutar lantarkinmu mai bugu 50 a daƙiƙa ce, kuma idan ka bar ta a kan 30 za ka iya ganin hoto yana rawa a ƙarƙashin wasu fitilu. Ka tafi da batirin caji na tafi-da-gidanka guda biyu, da ƙyalle mai laushi na goge gilashin kyamara, musamman a lokacin hunturu da ƙura ke shiga ko'ina. Haske kuwa Allah ya ba mu kyauta: da hantsi da bayan La'asar ne ya fi taushi, tsakar rana kuma ka nemi inuwar bishiya ko bakin zaure, ka zaunar da mutum yadda hasken ƙofa zai faɗo a gefen fuskarsa. Kada ƙofar ta kasance a bayansa, in ba haka ba baƙin inuwa kawai za ka samu.

Idan kuɗinka na abu ɗaya ne, sayi makirufo ɗan ƙarami na maƙalawa a wuyan riga, da abin saurare na kunne. Mai kallo yana haƙuri da hoto mai duhu, amma ba ya haƙuri da maganar da ba ya ji. Na taɓa yin hira ta fiye da awa guda da wani dattijo a wata unguwa ta yammacin garin nan, hirar da har yau nake ganin ban taɓa samun kamarta ba, sai da na koma gida na tarar janareton mai injin markaɗe na maƙwabta ya cinye ta gaba ɗaya. Kunnena ya saba da ƙarar har na daina jin ta, makirufo kuwa ba ya sabawa. Da na koma bayan mako guda, dattijon ya sake ba ni labarin, amma a taƙaice, kamar mai cika alkawarin da ya gundure shi. Tun daga ranar ba na danna ɗauka sai na rufe ido na saurari wurin ta abin kunne na minti guda. Lissafa lokutan kiran salla da tashin 'yan makaranta, ka guji ɗaki mai rufin kwano idan hadari ya haɗu, kuma bayan kowace hira ka roƙi kowa ya yi shiru ka ɗauki sautin ɗakin na daƙiƙa 30, domin da shi za ka like guraben da ka yanke a wurin haɗawa.

Zaman hira

Zauna ƙasa idan a ƙasa yake zaune, ka sauke kyamara daidai idonsa. Kyamarar da ke kallon mutum daga sama tana ƙanƙantar da shi, kuma irin hoton da aka daɗe ana yi wa mutanen sansani ke nan. Kada ka fara da daren harin. Tambaye shi ƙauyen: me ake nomawa, ina kasuwa take ci, wace rana, wa ya haƙa rijiyar bakin masallaci. Mutumin da ya fara da bayanin gonarsa ta masara da yawan buhun da yake samu ya tuna wa kansa, ya kuma nuna wa mai kallo, cewa shi mai gida ne mai rufin asiri kafin ya zama abin tausayi. Daga nan sai ka bi shi a hankali da tambayoyin da ba a amsa su da "e" ko "a'a": "Yaya aka yi daga nan?", "Wa kuka fara tararwa a hanya?", "Me kuka ɗauko?" Tambayar ƙarshen nan ta fi kowace buɗe baki, domin abin da mutum ya zaɓa ya ɗauka cikin duhu, ko Alƙur'ani ne ko takardar gona ko tukunya, yana da nasa labarin, kuma sau da yawa yana nan cikin ɗakin za a iya nuna maka.

Idan ya yi shiru, kai ma ka yi shiru. Mu Hausawa mun saba da taya mai magana da "na'am" da "haka ne" da "Allah sarki", kuma ladabi ne, amma a hirar fim yana hawa kan muryarsa ya hana ka yankawa. Gaya masa tun farko cewa da kai za ka riƙa amsawa, kada ya ɗauka raini ne. Idan kuka ya zo, kada ka matso da kyamara kusa da idonsa. Tambaye shi ko a dakata, kuma idan ya ce a dakata, ka kashe da gaske.

Ka kasa kunne ga kalmomin da mutanen suke amfani da su, ka bar su yadda suke. Somaliyawan Dadaab suna da kalmar "buufis", wadda suke nufin ƙishirwar a kai mutum wata ƙasa da ita, ƙishirwar da kan kai wasu ga rashin barci da taɓuwar hankali idan sunansu ya ƙi fitowa. Suna kuma da "tahriib", tafiya ta ɓarauniyar hanya ta cikin sahara da teku. Babu rahoton ofis da zai ƙirƙiro irin waɗannan kalmomi, daga bakin masu abin suke fitowa. Mutanenmu ma ba sa cewa an "raba su da muhallansu" kamar yadda ake faɗi a labaran rediyo. Cewa suke yi "an tashe mu", ko "mun watse", ko "garin ya zama kufai", kuma wani ba ya ko kiran maharan da suna, sai ya ce "mutanen nan" ko "mutanen daji" yana rage murya. Wannan rage muryar wani ɓangare ne na shaidar, kada ka rufe ta da muryar mai sharhi.

Bayan hira, sai ɗaukar rayuwa: hannu yana tankaɗe, yara suna ɗibar ruwa, maigida yana jiran mai ba da aikin gini a bakin titi da sassafe. Kowane hoto ka riƙe shi aƙalla daƙiƙa 10 ba tare da motsi ba. Ka lura da abin da ya shigo bayan mutum, kamar allon makaranta ko lambar gida ko hasumiyar masallacin da kowa ya sani, idan akwai dalilin ɓoye inda yake zaune. Kada ka sa kowa ya sake yin abin da bai saba yi ba don ya yi kyau a hoto, kuma kada ka ce a cire wa yaro rigarsa mai kyau a sa masa tsumma. Na ga an yi, kuma uwar yaron tana tsaye tana kallo.

Ajiya da haɗawa

A daren da ka dawo, kafin ka kwanta, kwafe komai zuwa wuri biyu dabam, ɗaya ma ya kwana a wani gida, ka sa wa kowane kundi kwanan wata da wuri. Sa wa waya da kwamfuta mabuɗin sirri, domin wayar da aka ƙwace a Kawo ko aka manta a Keke Napep tana ɗauke da fuskokin da ka yi alkawarin ɓoyewa. Sannan ka zauna ka rubuta duk abin da aka faɗa kalma bayan kalma, tare da mintin da aka faɗe shi. Aiki ne mai cin rai, hirar awa guda takan cinye mini yini, amma a kan takarda ake gane ƙashin bayan fim kafin a taɓa kwamfuta. Manhajar haɗa hoto ta DaVinci Resolve tana da nau'in kyauta idan kwamfutarka tana da ƙarfi, Shotcut kuma ta fi sauƙi ga ƙaramar kwamfuta.

Fim na farko kada ya wuce minti 15 zuwa 20. A wurin yanka ne jarabawar gaskiya take, domin da almakashi za ka iya haɗa farkon wata jimla da ƙarshen wata ka sa mutum ya faɗi abin da bai faɗa ba, kuma a garin da ya sha rikicin ƙabilanci da na addini kamar Kaduna, jimla guda da aka karkatar tana iya tayar da unguwa. Idan mai magana ya ɗora laifi a kan wata ƙabila gaba ɗaya, ko ya ambaci sunan wani ya ce shi ne mai kai wa ɓarayi rahoto, ka tsaya ka auna: zafin ransa gaskiya ne, amma zargin da ba ka tabbatar ba idan ya fita da sunanka ya zama naka. Ranaku da adadin mutanen da aka ambata kuma ka gwada su da bakin mutum biyu ko uku da rahotannin jaridu na lokacin. Idan kana buƙatar tarihin yankin, Gidan Arewa, wato cibiyar binciken tarihi, da ofishin adana takardun tarihi na ƙasa duk suna nan cikin Kaduna, kuma ɗalibai ƙalilan ne suke tunawa da su. Kiɗa kuwa a rage shi, kuma kada ka ɗauko waƙar wani ka ɗora ba da izininsa ba, domin ban da haƙƙin mai ita, YouTube na iya toshe fim ɗin ko bikin fina-finai ya ƙi karɓar sa. Fassarar Turanci ta ƙasan hoto a ba wanda ya ji harsunan biyu sosai, kada dattijon da ya yi magana mai hikima da Hausa ya fito kamar yaro a rubuce.

Fitar da fim

Kafin kowa ya gani, mai labarin ne zai fara gani. Kai masa a kwamfuta, ku zauna a inda kuka yi hirar, ka bar shi ya kalla har ƙarshe, sannan ka tambaye shi ko akwai abin da zai jawo masa cutarwa ko kunya. Ba shi ne zai tsara maka fim ba, amma idan ya ce a cire sunan ƙauye ko maganar da ya yi a kan surukinsa, a cire. Halin tsaro yana canzawa, wanda ya yarda da rani yana iya jin tsoro da kaka saboda ya yanke shawarar komawa girbi, don haka a sake tambayar sa ko yardar tana nan.

Idan za a sayar da fim ko a haska shi a sinima, sai an bi ta hukumar tace fina-finai ta ƙasa. Wuraren kaiwa kuma akwai su: bikin fina-finai na ƙasa da ƙasa da ake yi a nan Kaduna, da iREP na Legas wanda na dokumentari ne zalla, da FESPACO da ake yi duk bayan shekara biyu. Don aiki na gaba, asusun IDFA Bertha na Amstadam da na Hot Docs-Blue Ice na Toronto suna tallafa wa masu dokumentari na Afirka, kuma cikin abubuwan da suke dubawa akwai ɗan guntun aikin da ka riga ka ɗauka da kuma hujjar cewa kai ne ya dace ka ba da wannan labari, hujjar da ɗan unguwa mai jin harshe ya fi kowa riƙe da ita. Duba sharuɗɗan kowane biki kafin ka ɗora fim a intanet, domin wasu ba sa karɓar abin da ya riga ya fita.

Haskawa ta farko a bainar jama'a, idan masu labarin sun yarda, a yi ta a unguwar da aka ɗauka. Ana buƙatar farin bango ko farin ƙyalle, da aron na'urar haska hoto, da lasifika guda, da ƙaramin janareto da za a ajiye nesa a ja waya mai tsawo. A sanar da mai unguwa kwana uku kafin ranar, a ware wa mata gefensu da tabarmi, a fara bayan sallar Isha'i. Idan an gama, a miƙa makirufo ga waɗanda suka fito a fim ɗin kafin kowane babban baƙo, kuma a lura da yaran da za su zagaye kyamara suna tambayar yadda ake kunna ta. A cikinsu za ka sami mai riƙe maka makirufo a fita ta gaba, kuma bayan fita uku ko huɗu sai ka ba shi wayar ya ɗauko maka yinin gidansu, ka zauna da shi ku duba abin da ya kawo.